Saƙon Godiya Bayan Tarewarmu a Gidanmu na Kanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana wannan lokaci da ranmu da lafiyarmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa. Kamar yadda mafi yawanku suka sani, ni da iyalina mun tare a gidanmu da ke bayan Janguza a Kano, an yi walima an watse lafiya, baƙin da suka zo daga nesa kuma duk sun sanar da mu cewa sun isa gida. Har yanzu gajiya ba ta sake ni ba, kayanmu da dama suna nan a ɗaure cikin buhuna, amma na ga bai dace in bari lokaci ya ja ban yi godiya a bainar jama'a ba, tunda ya tabbata a hadisi cewa wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba.

Ba zan tsaya maimaita abin da kuka riga kuka sani ba. Kun san wa'adin da aka ba mu na barin gidan haya a Dorayi, kun san ya faɗo a tsakiyar zangon karatu na uku kuma a cikin damina, kun kuma san ginin da muka koma ya daɗe a tsaye a kan linta har ciyawa ta riƙa tsirowa a tsakar ɗakunansa. Abin da kawai zan tuna wa waɗanda ba su san rayuwar malamin firamare daga ciki ba shi ne, a 2019 da muka zuba harsashi, buhun siminti bai kai naira 3,000 ba, kuma a shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 30,000. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, duk abin da ake ɗorawa a mota kuma ya bi bayanta, tun daga tifar yashi har bandir ɗin kwano. Zuwa farkon 2024 buhun siminti ya haye naira 10,000 a wurare da dama, albashi kuwa yana nan inda yake. Na sha zuwa Ƙofar Ruwa tambayar kuɗin rodi, ko 'Yan Katako a Na'ibawa, in juyo hannu rabbana saboda abin da na tara a wata uku ya zama bai isa rabin abin da na je nema ba. Duk wanda ya yi wannan lissafi da gaskiya zai gane cewa mutane ne suka gina gidan nan, kuma mafi yawansu ba su fi ni ƙarfi ba.

Akwai dare guda da ba zan iya wuce shi ba, domin a cikinsa na ga tsoron da ban taɓa gani ba, a cikinsa kuma na ga alherin da ya sa nake wannan rubutu. Mun kwaso kaya a a-kori-kura alhali ɗaki biyu kaɗai aka rufe, falo kuma an kafa katako an buga rabin kwano, sauran yana jingine da katanga yana jiran kuɗin ƙusa da na aiki. Bayan sallar isha'i hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, kafin mu ankara ta shiga ta wajen da ba a rufe ba ta fara ɗaga kwanon tana mayarwa. Babu wuta a layin, fitilar hannu kaɗai gare mu. Na ji ƙusoshi suna zarewa daga katako ɗaya bayan ɗaya, autarmu ta ƙanƙame ƙafata tana kuka, mahaifiyarsu tana ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ni kuwa na tsaya dafe da ƙofa, abin da ke raina kawai shi ne idan fallen kwano ɗaya ya kuɓuce ya faɗo ciki, a kan wa zai sauka. A unguwar da ban san kowa ba sai gaisuwar masallaci, ban ma san ƙofar da zan buga ba.

Ban buga ƙofar kowa ba, su ne suka zo. Na hango hasken tocila yana tahowa ta cikin ruwa, sai ga maƙwabta da tsani da igiya. Wata dattijuwa da gidanta ke kallon namu ta shigo lulluɓe da buhu a kanta, ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba ta ce, "Malam, miƙo mini yarinyar nan. Ke kuma 'yata, kwaso sauran ki biyo ni, maza su ji da kwano." A ɗakinta iyalina suka kwana, ta ba su tufafin jikokinta suka sauya, ta kuma tashi cikin daren ta dama musu kunu. Samarin layin suka hau katanga iska tana tura su, ana miƙa musu bulo suna dannewa a kan kwanon, wasu suna ɗaure katako da igiya.

A cikin wannan hayaniya ne mai garuwar da na daɗe ina sayen ruwan jiƙa bulo a wajensa, bawan Allah mutumin Damagaram, ya kama hannuna ya ce, "Malam, ina takardun yaran nan da na ga ka shigo da su da yamma?" Wallahi sai a lokacin na tuna da takardun gwajin 'yan aji shida da na taho da su domin in duba, suna cikin jaka a kusurwar falon da ruwa ke zuba. Ya shige da gudu ya ɗauko jakar, ya cire rigar ledar da ke jikinsa ya naɗe ta a ciki, ya rungume ta a ƙirjinsa ya kai gidan dattijuwar nan, sannan ya dawo ya ci gaba da miƙa bulo, ruwa yana dukansa daga shi sai 'yar shara. Ba shi da ɗa ko ƙane a makarantar da nake koyarwa, bai san ko ɗaya daga cikin yaran da suka rubuta takardun ba. Da na buɗe jakar da safe, gefen takardu kaɗan ne ya jiƙe, kowane yaro ya samu makinsa. Na daɗe ina aikin koyarwa, na ji jawabai masu yawa a kan darajar ilimi a wajen taruka, amma ban taɓa ganin wanda ya girmama aikina kamar yadda wannan bawan Allah ya yi a daren nan ba.

Na san tarbiyyarmu ba ta son a tona mai alheri, kuma wasu daga cikinku sun roƙe ni kada in ambace su. Ku yi mini haƙuri, zan sakaya sunaye, amma zan faɗi abin da kuka yi yadda duk wanda ya san ku zai gane ku ya yi muku addu'a.

Da gari ya waye, tun ban san ta inda zan fara ba, sai ga wani tsohon ɗalibina da na koyar a aji huɗu shekarun baya, wanda yanzu kafinta ne mai yaran aiki. Labari ya same shi a masallaci. Ya zo da ƙusa da guduma da yaransa, suka hau sama, ba su sauko ba sai da suka rufe falon gaba ɗaya ana kiran magariba. Da na kira shi gefe domin mu yi maganar kuɗin aiki ko da biya kaɗan-kaɗan ne, sai ya durƙusa ya ce, "Haba Malam, ai ku kuka koya mana awo da rula, da shi nake cin abinci yau. Ku dai sa mana albarka." Na sa maka albarka, ɗana, ina kuma ƙara sa maka a nan. Allah ya buɗa maka, ya ba ka masu yi maka fiye da abin da ka yi mini.

Ina godiya ga abokan aikina 'yan adashinmu, waɗanda suka bar mini ɗauka sau da dama ba a layina ba, har da malamar da ta ɗaga nata kwasar alhali tana shirin aurar da 'ya. Ina godiya ga hedimastanmu, wanda ya gyara jadawalin darussa ya ɗauke mini darasin farko na safe har in saba da sabuwar hanya, da malamin lissafin da ya riƙe mini aji a ranakun kwasar kaya ba tare da ya nuna gajiya ba. Baba mai gadin makarantarmu ya tare ni a bakin ƙofa ya cusa mini kuɗi a aljihu a ƙudundune, ya ce in sayi ko da kwaɗon ƙofa ne. Na san abin da yake ɗauka a wata, shi ya sa na kasa ce masa komai sai hawaye. Da kuɗinsa na sayi kwaɗon da ke ƙofar gidan yanzu. Haka kuma ina godiya ga mai unguwa da dattawan da suka sa hannu a takardar filin tun ranar ciniki, da birkilan da ya yi mini aiki bashi bai taɓa tsayar da ni a gaban mutane ba, da limamin masallacinmu da almajiransa da suka zo suka karanta mana Suratul Baƙara a ranar walima.

Uwar 'ya'yana kuwa, ban san kalmar da za ta ishe ta ba. 'Yan kunnenta da sarƙarta na aure suna cikin lintar gidan nan, ita ta kai su kasuwa da kanta ba tare da na roƙa ba. Watannin da albashi ke tafiya wajen bulo tun kafin ya shigo, da kuɗin awarar da take soyawa da ɗinkin hula aka riƙa ɗora tukunya, kuma ko sau ɗaya ba ta bari yara sun gane ana cikin matsi ba. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya sa 'ya'yan nan su ji ƙanki.

Ranar walima an yi taro fiye da yadda na zata, har tabarmi suka kasa. Sai dai akwai fuskokin da na yi ta dubawa ban gani ba, na waɗanda muka haɗa kaka da su, waɗanda na kira a waya na kuma taka har gidajensu na sanar da su, ga shi tsakaninmu bai wuce tafiyar mota ɗaya ba. Ban nemi ko sisin kowa ba, zuwan kawai na so, musamman saboda Hajiyarmu da ta zauna tana kallon ƙofa tana tambayata ko su wane sun iso. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Na yi musu uzuri, ban riƙe kowa a raina ba, kuma ƙofar gidan a buɗe take duk ranar da suka samu sarari.

Masu tambayar yadda muke ciki yanzu, alhamdu lillahi. Ba a yi filasta ba, ba a sa silin ba, tagogi biyu buhu ne a jikinsu, ruwa kuma saye muke yi a jarka. A da da ƙafa nake zuwa makaranta, yanzu kuwa da an sallame asuba nake fita in taka zuwa bakin titin Gwarzo, in hau Adaidaita Sahu mu wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, in sauka a Kabuga inda wani abokin aikina ke jirana da babur ɗinsa kullum, shi ma Allah ya biya shi. Kuɗin mota ya cinye wani ɓangare na abin da a da nake tarawa domin haya, wannan gaskiya ne. Amma da daddare idan na shimfiɗa tabarma na kunna fitilar sola ina duba littattafan yara ko ina rubuta shirin darasin gobe, babu fargabar ƙarshen shekara a raina, babu tunanin za a turo a ce an ƙara kuɗi ko ana son gida. Na buga ƙusa a bango na rataye jakata ba tare da na nemi izinin kowa ba. A jikin bangon soro kuma na sa an shafe wuri guda da siminti an yi masa baƙin fenti ya zama allo, domin na yi alkawari tsakanina da Allah cewa daga hutun nan zan riƙa koyar da yaran layinmu karatu da lissafi bayan la'asar kyauta. Iyayensu ne suka hau katangata cikin iska, wannan ne abin da nake da shi da zan iya mayar musu.

Ya Allah, duk wanda ya sa hannu a gidan nan da kuɗinsa, ko ƙarfinsa, ko shawararsa, ko addu'arsa, ka gina masa gida a Aljannar Firdausi. Ya Allah ka suturta su kamar yadda suka suturta ni, ka yaye musu damuwarsu tun kafin su faɗa wa kowa, ka shirya musu zuriya, ka tsare su daga bashi da cuta da wulaƙanci. Ya Allah ka jiƙan mahaifina, wanda ya raka ni ganin filin nan tun yana gonar gero, ya sa masa albarka, amma bai ga rufinsa ba. Ka haskaka kabarinsa, ka ƙara wa Hajiyarmu lafiya da nisan kwana. Ya Allah, malamai 'yan uwana da ke cikin haya, da waɗanda gininsu ya tsaya a harsashi ko a linta, da waɗanda suka yi ritaya ba su mallaki ko fili ba, ka buɗa musu ta inda ba su zata ba. Ka sa wannan gida ya zama na sallah da karatu da zaman lafiya da maƙwabta, ka kare shi daga gobara da ambaliya da sharrin masu sharri.

Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku gafarce ni, sadarwa tana wahala a wajenmu sai an fita bakin titi. Zan bi ku ɗaya bayan ɗaya da zarar na kammala haɗa sakamakon yara, in Allah ya yarda. Na gode, Allah ya bar zumunci.