Wasiƙa daga arewacin Ingila: littattafan tsoro da ake jira da shigowar sanyi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman ku ƙannena da muka tashi muna karɓa-karɓar littafi ɗaya na haya a Tudun Wadan Zariya. Ina lafiya, aiki alhamdulillahi, ina fata damina ta tafi ta bar muku alheri. Sauran gaisuwa sai mun yi waya.

Tun watan jiya tambaya ɗaya ke ta dawo mini: Anti, waɗanne sababbin littattafan ban tsoro ne za su fito a can? Wasu kuma suna tambayar kuɗin aiko da littafi, wasu suna son sanin ko ana iya fassara su zuwa Hausa. Na ga gara in zauna in amsa muku gaba ɗaya, tunda yau ba ni da aikin dare.

Abin da ya fara ɗaure mini kai a ƙasar nan shi ne tsoro ma lokacinsa yake da shi, kamar mangwaro. Da zarar Satumba ta raba tsakiya, shagunan littattafai sukan share teburin bakin ƙofa, a kwashe littattafan hutun bazara masu launin ruwan teku, a jera masu baƙin bango da jan rubutu. Ana yin haka ne saboda bikin Halowin na 31 ga Oktoba, daren da suke yin shigar ban tsoro, sannan saboda kasuwar Kirsimeti. Yawancin sababbin littattafai ranar Alhamis suke fita a nan, a Amurka kuwa Talata. Akwai wata Alhamis a cikin Oktoba da 'yan kasuwar littafi ke kira babbar Alhamis, wadda ɗaruruwan littattafai masu kaurin bango ke sauka a shaguna rana guda. Kuma ba wanda yake zuwa bagatatan. Wata shida ko fiye kafin ranar, an riga an nuna bangonsa, an faɗi yawan shafukansa da farashinsa da ranar fitarsa, an tura wa masu shaguna da masu sharhi kwafin gwaji. Mai karatu yana iya biyan kuɗinsa tun littafin bai shiga injin ɗab'i ba, kuma duk waɗannan sayen na gaba ana lissafa su a cinikin makon farko, shi ya sa marubuta ke ta roƙon a yi.

Ni dai ba na saye da wuri. Sabon littafi mai kaurin bango yakan kai fam ashirin ko ya ɗara, mai laushin bango kuma, wanda ke kusan rabin wannan kuɗin, sai an yi watanni da yawa, wani lokaci shekara, kafin ya biyo baya. Don haka laburare nake dogaro da shi, kuma a nan ne na sha wahalar da har yau ban huce ba.

Katin laburare kyauta ne. Da na ji haka na yi murna, na tafi da fasfo ɗina da katin wurin aiki. Matar da ke kan tebur ta karɓe ni da fara'a, ta ce saura takardar da ke nuna inda nake kwana. Ɗakin da nake haya kuwa kuɗin wuta da ruwa da harajin gunduma duk a cikin kuɗin haya suke, kowace takarda da sunan mai gida take zuwa. Na koma na ɗauko takardar yarjejeniyar haya, aka ce wadda aka rubuta da hannu ba ta shiga. Na je banki a buga mini bayanin asusu, sai ga shi adireshin gidan da na fara sauka ne a kai. Don a canja shi, su ma suka nemi shaidar sabon adireshin. Kun ga an dawo inda aka fara. Sau uku ina zuwa laburaren nan cikin ruwan sama irin nasu, wanda ba ya zuba kamar da bakin ƙwarya balle ya ɗauke, sai dai yayyafi mai sanyi da iska ke turo miki cikin wuyan riga tun safe har dare. Zuwa na biyu na fito ne daga aikin dare, ƙafafuna sun kumbura, safata ta jiƙe, na tsaya ina kallon kantocin littattafai ta bayan matar, taku biyar tsakanina da su. Wallahi sai da idona ya ciko. Na tuna mai shagon hayar littafi na unguwarmu, wanda bai taɓa tambayar kowa takarda ba, ya san gidan ubanki, ya san wadda ta haife ki, in kin ɓatar da littafi ya san ƙofar da zai yi sallama. Daga ƙarshe wasiƙar asibitin da na yi rajista ce ta cece ni, bayan mako biyar. Duk wadda za ta taho cikinku, ranar da ta sami ɗaki ta tabbata an sa sunanta a kan wata takarda ta hukuma, ko da guda ɗaya ce, ta kuma adana ambulan ɗin.

Da katin ya shigo hannu kuma, gaskiya na ga amfaninsa. Littafin da bai ma fito ba kina iya sa sunanki a layinsa ta waya. Yanzu haka ina kan layin guda huɗu, a ɗaya ni ce ta talatin da bakwai, kuma kowa mako uku ake ba shi. Wani abin da ya burge ni: tun 1979 akwai doka a ƙasar nan da ta sa ake biyan marubuci 'yan kwabbai duk lokacin da aka ari littafinsa a laburare, har zuwa fam 6,600 a shekara. Na daɗe ina tunanin marubutanmu na Kano da Kaduna da littafinsu ɗaya ya zaga gidaje hamsin, su kuwa kuɗin kwafi ɗaya suka gani.

To, me ke tafe? Na bi jerin sanarwar kamfanoni na wannan kakar da ta farkon shekara mai zuwa, kuma kashi uku ne suka fi yawa a abin da kuke tambaya. Akwai na firgici zalla, masu jini da yanka, waɗannan ba na karanta su kuma ba zan ba ku shawarar su ba. Akwai na binciken kisa a zamanin da, inda mai binciken ba shi da waya, ba hoton yatsa, ba gwajin jini, sai ido da kunne da sanin halin mutane. Sai kuma wanda suke kira gotik, wanda shi ne ya fi cin raina.

Gotik labari ne na tsohon gida. Sunan ya samo asali daga salon ginin manyan majami'u da gidajen sarauta na da, kuma tun 1764, da Horace Walpole ya fitar da labarinsa na wata fada a Italiya, ake ta juya abu ɗaya ba a gaji ba: gida babba a keɓe, ɗakin da aka kulle ba a faɗi dalili ba, amarya ko 'yar aiki da ta shigo ba ta san komai ba, da wani zalunci da kakanni suka binne wanda ya ƙi kwanciya. In kin cire dusar ƙanƙara da kyandir, abin da ya rage rigimar gado ce da sirrin dangi. A sababbin da ake sanarwa na lura ana yawan tono asalin dukiyar da aka gina gidan da ita, gonakin rake na bayi da mulkin mallaka, kuma marubuta mata sun fi yawa. Gidajen ma sun bar Ingila, ana kai labarin Meksiko, Indiya, tsibiran Karibiyan. Akwai 'yar Najeriya haifaffiyar Inugu, Nuzo Onoh, da ke zaune a ƙasar nan, wadda ƙungiyar marubutan labaran firgici ta ba lambar yabo ta aikin rayuwa a 2023, kuma da camfe-camfen garinsu ta yi suna. Ba duka ne masu kyau ba fa. Da yawa bangon ya fi cikin, ki karanta shafi sittin ki gane kin taɓa shiga wannan gidan a wani littafin.

Wata cikinku ta tambaye ni ko ba na jin nauyin karanta labarin fatalwa. Mu mun san wanda ya mutu ba ya dawowa yawo, kuma littafi bai canja mini wannan ba. Na kuma lura marubutan kirki cikinsu ba su damu ki yarda da fatalwar ba, hakkin da aka danne ne yake bin mutanen gidan. Duk da haka ba na kwanciya ban karanta Ayatul Kursiyyu ba, a nan ko a gida.

Sai da na ga sanyin ƙasar nan na gane dalilin da ya sa suke son irin waɗannan labarai. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan ku a Najeriya da Nijar kun riga mu da awa guda. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba. Ina fita aiki cikin duhu, in dawo gari bai gama wayewa ba. Gidajen tsofaffi ne, na bulo, bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa da kansa cikin dare, katakon bene yana ƙara ba wanda ya taka shi, iska tana kuka ta cikin bututun hayaƙin da aka daina amfani da shi. Suna da tsohuwar al'ada ta ba da labarin fatalwa a daren hunturu a gaban murhu. Ya tuna mini da tatsuniyar Kaka lokacin ɗari, mu kewaye kaskon wuta, da yadda take hana mu yin ta da rana.

A watan Nuwamban bara na je Witbi, wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. Matakala 199 ake hawa zuwa saman dutse, inda tsohuwar maƙabarta take da kangon wani gidan ibada da aka fara kafawa a 657, aka rufe shi a 1539 zamanin Sarki Henri na takwas. Rufi babu, sai dogayen bangaye da ramukan tagogi da iskar teku ke ratsawa. Na dafa wani dutsen kabari, gishirin iska ya cinye rubutun har ya koma kamar saƙar zuma. Bram Stoker, marubucin shahararren littafin tsoro Dracula, ya zauna a garin a 1890, a laburaren garin ya ci karo da sunan Dracula cikin wani tsohon littafin tarihi, ya kuma ji labarin wani jirgin ruwan Rasha da ya maƙale a yashin bakin gaɓar a 1885. Ya haɗa su, littafin ya fito a 1897, yau ga gari guda yana cin abinci da shi. Tun 1994 ake taron masoya salon gotik masu baƙaƙen kaya a can, otal-otal su cika.

Ina tsaye a wurin, hannuna ya ƙage don sanyi, zuciyata tana cikin birnin Zariya. Soron gidan kakanmu, mai rufin azara da ɗaurin guga, da ɗakin nan na ƙurya da ba a buɗe ba tun rasuwar Baba Tsoho, da rijiyar da aka rufe da faifan ƙarfe aka hana mu tambaya. Kufena tana nan, Turunku tana nan, ga ragowar ganuwa da ake ta yanka ana fili. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina ya fi labarin Stoker tsufa da shekaru da yawa. Mai son rubuta binciken kisa a zamanin da kuma ba ya rasa inda zai tsaya: basasar Kano da ta ɓarke a 1893, kisan Kyaftin Cazemajou a Damagaram a 1898, na Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, annobar murar 1918. Ku ɗauki muhutin alkali ko wata jakadiya da ke shiga kowane ɗaki a fada, a tsinci gawar fatake a zango da asuba. Takardun shari'a da rahotannin 'yan mulkin mallaka suna ajiye a gidan adana tarihi na Kaduna da Arewa House, wasu da ajami. Marubutan ƙasar nan, kafin su rubuta babi ɗaya, sai sun san kuɗin kyandir a shekarar da suka zaɓa. Namu na aljanu da nake karantawa a waya, da yawansu aljanin yana da ƙarfi amma gidan ba shi da fasali, ban san ina zaure yake ba, ina turaka, ta ina za a gudu, don haka ba na jin tsoron.

Sannan maganar sa ranar fitowar littafi. Sau biyu ina tura kuɗi a sa ni a zauren WhatsApp na littafin da aka ce yana nan tafe. Ɗaya ya tsaya a shafi na arba'in, ɗaya har yau yana tafe. Na san marubuciya tana da miji da yara da matsalar wuta da kuɗin data, ban raina ƙoƙarin kowa ba. Amma ke ƙanwata da kika ce mini kin fara naki, ki gama shi tukuna, ki ba mutum biyu masu faɗin gaskiya su karanta, sannan ki sa rana. Mai jira da ya san ranar ba ya gajiya, ni shaida ce, ga ni ta talatin da bakwai.

Batun fassara, sai an nemi izinin mai littafi ta hannun wakilinsa matuƙar bai cika shekara saba'in da rasuwa ba, tsofaffin irin na Stoker kuwa kowa na iya fassarawa. Kuɗin aikowa ta gidan waya yakan kusa kai kuɗin littafin, gara a jira mai tahowa.

Wanda ya shiga cikin gari wannan makon, don Allah ya ɗaukar mini hoton soron nan ta ciki, rufin da bangon gabas inda ya tsage, ya kuma tambayi Gwaggo shekarar da aka rufe rijiyar da abin da ya faru. Ku yi mata tambayar da rana, kuna zaune, kada ku katse ta, ku naɗa mini muryarta. A gaida Inna, a ce mata rigar sanyin da ta saƙa mini ita ce a jikina yanzu.

Taku,
Antinku ta Yokshaya