Hatsin godiya ya yi giɓi, aka ɗora wa ma'aji

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawan ikkilisiya ya san rigimar dukiya ba ta zuwa da sallama. Tamu ta taso ne bayan godiyar kaka. Ranar baiko an rubuta adadin buhunan masara da dawa da gero, da aka zo sayarwa bayan 'yan watanni sai aka ga giɓin buhu uku. Makullin sito yana hannun ma'aji. Ni ne sakatare, a hannuna aka yi binciken, har yau kuma ina jin haushin yadda aka fara shi.

An fara ne da sanarwa. Wani cikin dattawa ya nace a gaya wa jama'a ranar Lahadi cewa "ana bincike a kan hatsi", wai don kada a ce majalisa tana rufa-rufa. Ba a ambaci suna ba, amma wa bai san mai riƙe da makulli ba? Kafin a tashi sujada magana ta kai bakin rijiya. Duk wannan ba wanda ya zauna da mutumin ya ce, "Baba, yaya aka yi?"

Alhali hanyar a shimfiɗe take a Matiyu 18:15-17. In ɗan'uwanka ya yi laifi, ka same shi kai da shi tukuna. In bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Ikkilisiya ita ce matakin ƙarshe. Mu da na ƙarshen aka fara. Bulus ma ya gargaɗi Timoti kada ya karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Shaidarmu a lokacin lamba biyu ce kawai a littafi da suka ƙi daidaita.

Da muka zauna da masu karɓar baikon ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, sai abin ya warware da kansa. Matasan da suka yi rubutu duk abin da ya zo cikin buhu "buhu ɗaya" suke sa masa, ko da rabi ne, ko da tiya goma ce aka ɗaure bakinta. Da ma'aji ya juye ya cike buhunan, dole adadi ya sauka. Ga shi an kawo wata masarar ba ta gama bushewa ba, ta motse a ajiya. Buhun da ke jingine da bango kuma ƙwari da ɓera sun ci rabonsu, don a ƙasa aka jibge shi ba katako. Ko ƙwaya ɗaya ba a sata ba. Tambayar yini guda ce, da an yi ta kafin waccan sanarwar.

Abin da ya ingiza majalisa tsoron bakin mutane ne, aka lulluɓe shi da sunan gaskiya. Sarki Yehoshafat da ya naɗa alƙalai a biranen Yahuza ya ce musu ba domin mutum suke shari'a ba, domin Ubangiji ne, saboda haka tsoronsa ya zauna a kansu (2 Tarihi 19:6-7). Wanda wannan tsoron ya kama ba ya gaggawa, domin ya san sunan ɗan'uwa amana ce da za a tambaye shi. Karin Magana 18:13 ma wauta da abin kunya ya kira ba da amsa kafin a saurara, aya ta 17 kuma ta ce mai fara kai ƙara kamar shi ke da gaskiya, sai an ji ɗayan.

Yanzu ga yadda muke yi. Ba a rubuta buhu, tiya ake rubutawa, da kwano guda na ikkilisiya ake awon komai. Mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba su ke awo, na uku ya rubuta, duka su sa hannu a ranar. Ɗanyen hatsi a ware shi, a shanya, a sake aunawa kafin ya shiga sito. Kwaɗo biyu a ƙofa, makullai a hannu daban-daban. Wasu sun ce wannan rashin yarda ne. Ban yarda da su ba: Bulus da kansa ya tura Titus da waɗansu 'yan'uwa kan gudummawar Urushalima don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korintiyawa 8). Ma'ajin ne wannan tsari yake karewa.

In kuma ƙorafi ya zo, ba sanarwa, ba saƙo a WhatsApp na dattawa, sai mutum biyu sun je gidan wanda ake zargi sun ji bakinsa, an yi addu'a, an kwana a kan maganar.

Fasto ya wanke ma'ajin a gaban jama'a, majalisa ta roƙi gafara a tsaye. Ma'ajin ya ce ya yafe, amma ya ajiye makulli, matarsa kuma ta daɗe ba ta zuwa zumuntar mata. Wata huɗu muna neman wanda zai karɓi aikin, duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce zai yi shawara da iyalinsa.