Laraba: fangali na uku

Tun bayan sallar asuba na kama hanyar Jiratawa. Hazo ya rufe ko'ina, babur sai a hankali.

Ina shiga rumfar raga idona ya faɗa kan fangali na uku. Salatin da na dasa kwana 12 da suka wuce yana nan kamar jiya aka dasa shi, ganye ƙanana, bakinsu ya fara bushewa. Na kusa da shi kuwa, da ban ba shi komai ba sai takin awaki, ya yi kore shar. Abin da ya raba su ɗaya ne: dusar kafe, wato garin da ke saura bayan an dafa kafe, wadda abokina ke tara mini a leda daga kicin ɗin otal. Ɗanya na zuba ta, da danshinta.

Kawu ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar, ya shinshina, ya murje ta a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, ko kashin shanu ka sa ɗanye, ƙone shuka yake yi."

Na ce, "Kawu, ba don taki na sa ba, don ƙarfe ne." Na faɗa masa abin da na karanta. Masu bincike a Jami'ar Giranada ta ƙasar Sifen sun gwada dusar kafe a kan salati, ganyen ya ƙara sinadarin ƙarfe. A cikin dusar akwai abin da ke riƙe ƙarfen, ya hana ƙasa ɗaure shi har saiwa ta sha. Ƙasa mai kanwa-kanwa haka take, ƙarfen yana nan amma shuka ba ta samu, sai ka ga sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ke kore. Amma masu binciken ma sun ga ɗanyar dusa tana tauye girma, shi ya sa suke sarrafa ta tukuna. Na ga wannan bayanin, gaggawa ta sa ban tsaya a kansa ba.

Kawu ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ƙarfen nan, wa kake nema wa?"

Ban amsa ba. Ya sani. Tun da aka ce jinin Auta ya yi ƙasa a wurin awo, ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da aka ba ta kuma tana tayar mata da zuciya, hankalina bai kwanta ba.

Abin da ya tsaya mini a rai yini guda shi ne, sinadarin da ke riƙe ƙarfe a ƙasa, irinsa ne a shayi da kafe yake kama ƙarfen abinci a ciki, ya rage abin da jiki zai sha. Ina can ina fama da fangali, ita kuma kullum tana gama tuwo sai shayi, mai kauri.

Da magariba na same ta a tsakar gida. Na ce ta riƙa bari sai an yi awa ɗaya ko biyu da cin abinci, ta kuma matsa lemun tsami a kwaɗon zogale. Ta ce, "Yaya, shayin ma za ka hana ni?" Muryarta a gajiye. Inna ta ce za ta kula.

Sauran dusar mun zuba ta a rami da takin awaki da karan hatsi. Kawu ya ce a riƙa juyawa, kada in taɓa sai bayan wata biyu. Fangali na uku ban tumɓuke shi ba, na dai ƙara masa ruwa.