Hasken Arewa ba ya jiran mai hoto

A Tromso, can arewacin Norwe, rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Wannan dogon duhun ya kai ni can da kyamara, don hasken nan da ake kira orora, wanda ke bayyana idan ƙwayoyin da rana ke fesowa suka yi karo da iskar sararin sama. Koren da aka fi gani daga oksijin yake, sama da kilomita 100 daga ƙasa. In ya miƙe daga gabas zuwa yamma, ko gilashin kyamara mai faɗin gani, mai milimita 14, ba ya cinye shi. Dole a ɗauki hotuna a jere, a ɗinke su a kwamfuta su zama fanorama, wato hoto ɗaya mai faɗi.

To, nan gizo ke saƙa. Dutse yana jiranka, teku yana jiranka, amma hasken tafiya yake yi. Kafin ka juyo daga hoton farko zuwa na ƙarshe, sama ta sauya kama, sai manhajar ɗinki ta rasa bakin da za ta haɗa. Shi ya sa in ya soma rawa da sauri nake haƙura da fanorama, in ɗauki hoto guda. Sai ya lafa, ya tsaya kamar bakan gizo, sannan in fara zagaye. Masu cewa manhaja za ta gyara komai, ina jin ba su taɓa zama gaban manhajar ɗinki irin Hugin ko PTGui da koren layi ya karye gida biyu ba.

Sauri kuwa tun da wuri ake shirya shi. Ina daidaita ƙafa-ukun kyamarar har ta miƙe sak, in tsayar da kyamarar a tsaye, in saita komai da hannu: buɗin gilashi f/2.8, ƙarfin kama haske (ISO) 3200, daƙiƙa 2 zuwa 5 ga kowane hoto. Launi ma na kulle shi, don kada wani hoto ya fito shuɗi wani rawaya. In nemi tauraro ɗaya mai haske, in murɗa gilashin har ya zama ɗigo, in manne zoben da salatif. Kowane hoto ya hau kan na baya da kusan rabi. Idan da farin wata, madalla, shi ke haska duwatsu da dusar ƙanƙara, hoton ya sami ƙasa.

Gajimare ya fi yawa a bakin teku, don haka mukan hau mota zuwa Skibotn a Norwe ko Kilpisjarbi a Finlan, inda sama ta fi washewa, sanyin kuma ya fi cizo. Can ne batir ke mutuwa ba sallama. Nakan ajiye na canji a aljihun ciki, jikin fata. Safar hannu biyu nake sawa, siririya a ciki don taɓa maɓallai, domin ƙarfen ƙafa-uku yana kama yatsa tsirara. Numfashi ma a yi hattara da shi: in ya sauka kan gilashi, nan take ya daskare, taurari su dushe.

Kafin in shiga mota ko ɗaki, nakan zare katin hotuna, in saka kyamarar cikin leda in ɗaure bakin tun a waje. Raɓar ɗumi sai ta kwanta a kan ledar, ba cikin na'urar ba. Sai ta yi awa biyu tukuna nake kwancewa.