Yadda na ɗauke ajiyar wasa mai makulli daga PS3 zuwa wata

Shagon gem nake gudanarwa a Unguwar Rogo da ke Jos, kuma har yanzu PlayStation 3, wadda ta fito tun 2006, ita ce ke riƙe da shagon. Wani matashi da ya daɗe yana buga wasa ɗaya a na'urarmu ya sayi tasa ta hannu a Taminus, ya zo ya ce: "Yaya, so nake na ci gaba daga inda na tsaya." Da muka sa fulash, sai na'urar ta hana kwafin ajiyar, wato bayanan inda ya tsaya a wasan, domin wasu masu ƙera wasanni kan kulle ta.

Tun a 2011 Sony ta ba masu biyan PlayStation Plus damar ɗora irin wannan ajiya a intanet, amma na'urorinmu an sauya musu manhaja, kuma shiga PSN, wato dandalin intanet na PlayStation, da su na iya jawo a toshe su. Saboda haka na bi ta multiMAN, wata manhaja mai buɗe fayilolin PS3, na shiga rumbun na'urar na ciro foldar ajiyar kai tsaye. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Aikin gaske ya fara ne a na'ura ta biyu, inda ajiyar ta bayyana amma wasan ya ce ta wani ce. Dalilin yana cikin ƙananan fayiloli biyu. PARAM.SFO yana ɗauke da lambar asusun mai ajiyar da alamar hana kwafi, shi kuwa PARAM.PFD yana riƙe da sa hannun da ke tabbatar da cewa ba a taɓa komai ba, ta yadda idan ka gyara na farko ka bar na biyu, na'urar za ta ɗauki ajiyar a matsayin lalatacciya. Manhajar Apollo Save Tool ce ta warware mini wannan, domin a kan na'urar kanta take cire makullin, ta sake sa hannu da asusun sabon mai ita.

Abin da na fi riƙewa shi ne duba lambar wasan kafin komai. Bugun Turai yakan fara da BLES, na Amurka da BLUS, kuma a kasuwarmu duk biyun suna yawo a cakuɗe. Sunan wasa ɗaya ne, amma kowanne ajiyarsa yake nema. Ana iya sauya lambar, sai dai ba kowane wasa ke amincewa ba. Fulash ɗin ma dole ya kasance an yi masa fomat a tsarin FAT32.

Ina ajiye kwafin asali a kwamfuta kafin in taɓa fayil, musamman da yake wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar rubutu. Kuma ba na ba kowa ajiyar wani sai da izinin mai ita, tunda lambar asusunsa tana ciki, kuma watanni ya kwashe yana biyan kuɗin zama kafin ya kai matakin.