Noti ɗaya da ya raba ni da gyaran waya

Shekara huɗu ina gyaran waya a ɗakina, kuma a cikinsu guda ɗaya ce ta mutu a hannuna. Ita ce ta sa yanzu na tattara kayan aikin na ajiye.

iPhone 7 ce ta yayata, batir kawai za a canja mata. Duk wanda ya taɓa buɗe ta ya san bayan an kwance notuna biyu na gindi masu kan tauraro, akwai wani ɗan faranti da ke rufe mahaɗin batir da noti huɗu, uku masu tsawon milimita 1.2, ɗaya 2.4. Kawunansu tsaga uku ne, sai sukundireba Y000. Tawa ta riga ta dakushe, na sani, na kuma sani cewa ya kamata in bari sai na sayi sabuwa. Amma Yaya na zaune tana jira, sai na ɗauki mai tsaga huɗu na ce ai za ta kama. Uku sun fita da ƙyar. Na huɗun na ji ya zame sau ɗaya, a nan ya kamata in tsaya. Na sake murɗawa, na ƙara ƙarfi, har kan notin ya cinye ya koma rami sumul.

Daga nan kunya ce ta karɓi aikin. Na shimfiɗa robar ɗaure kuɗi a kai na danna, dabarar da ke aiki a kan manyan notuna, amma ramin nan ya yi mata ƙanƙanta. Na ɗiga gam a bakin sukundireba, ban bari ya bushe ba. Sai na ɗauko ƙaramin injin huda, batir kuwa yana jone, domin mahaɗinsa na ƙarƙashin farantin da nake fama da shi. Ban rufe fanel, wato allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar waya, da komai ba. Notin ya fita, garin ƙarfe ya watsu, na hura da baki na haɗa. Ba ta sake kunnuwa ba. Garin neman gira na rasa ido.

"Ƙanena, hotunan Mama fa?" Abin da ta tambaya ke nan, ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa ajiye su a wani wuri ba, ni kuma ban tambaye ta kafin in buɗe ba. Ma'ajiyar irin wannan waya a kulle take da ƙwaƙwalwarta, ba a ciro ta kawai a dasa a wata.

Na kai wa maigidan da ya koya mini aiki. A gaban yaransa ya ce dama ni ba ni da hannu. Wata takwas na yi a wurinsa ina goge gilashi, bai taɓa nuna mini yadda ake fitar da notin da ya cinye ba, in irin haka ta taso sai ya juya mana baya ya yi abinsa. Ga masu koyar da yara: abin da kuka ɓoye, a kan wayar wani za su koye shi.

Sauran dabarun ni kaɗai na gano su daga baya. Noti ya zame sau ɗaya, a tsaya a canja sukundireba. Dannawa ƙasa ta fi murɗawa muhimmanci. Ɗan zafi yana sassauta shuɗin gam ɗin da ke jikin haƙoran noti, amma nesa da batir. In kan ya ɗan fito, hantsaki mai kaifin baki zai kama shi ta gefe. In dole sai an yanka sabuwar tsaga, a lulluɓe fanel da salatif tukuna. Kowane noti ya koma raminsa, domin dogo a gurbin gajere yana huda layukan fanel.

Bayan ta Yaya na fitar da cinyayyun notuna da dama ba tare da na ƙwarzani komai ba, har da biyu da yaran maigidan suka kawo mini a ɓoye. Wayarta tana nan cikin akwatina, notunan a naɗe cikin takarda, kowanne da lambarsa.