Yadda na koma karatun digirin kwamfuta ta intanet ina da shekara 36

Gaskiya da farko kuɗi kawai nake dubawa, wacce makaranta ce tafi araha shikenan. Saura ƙiris in tura kuɗin rajista ga wata da na gani a talla, shafinsu ya haɗu, ga hotunan ɗalibai sanye da rigar kammala karatu, sai wani abokin aikina yace tsaya tukuna, wace hukuma ce ta tantance su? Na duba na sake dubawa, babu. Da yanzu takardar banza na saya, wacce babu mai ɗaukan aiki ko wata jami'a da zata kalla.

Daga nan na nutsu. Na ga digirin intanet na jami'ar Georgia Tech ta Amurka da suka fara tun 2014, a lokacin kusan dala 7,000 gaba ɗaya, na ji daɗi, ashe digiri na biyu ne, ni ko na farkon bani dashi. WGU (Western Governors University, wata jami'ar intanet a Amurka) kuma tsarinsu kuɗi ɗaya zaka biya na wata 6 ka gama iya kwas ɗin da zaka iya, wannan riba ce ga mai lokaci ko wanda dama ya iya abin, amma ni da nake dawowa aiki a gajiye ga yara na jirana, kuɗin zai dinga tafiya ne ko na karanta ko ban karanta ba. Akwai kuma na Jami'ar Landan ta shafin koyon karatu na Coursera. Daga ƙarshe University of the People na ɗauka, wadda aka kafa a 2009, babu kuɗin koyarwa, kuɗin jarabawar kowane kwas kake biya, to in wata yayi tsauri sai in ɗau kwas ɗaya in lallaɓa.

Kafin in biya ko sisi sai da na gwada kaina da CS50, kwas ɗin share fagen ilimin kwamfuta na Jami'ar Harvard, kyauta ne, don in ga ko da gaske ina son abin ko burgeni kawai yake.

Inda na sha kashi shine lissafi. Na ɗauka karatun kwamfuta rubuta kod (umarnin da kwamfuta ke bi) ne kawai, ashe akwai lissafin hujja da na yiwuwar abu, ni kuwa rabona da aljebra ya kai shekara 17. Nayi zarin ɗaukan kwas biyu masu nauyi a zango ɗaya, ɗayan ya kayar dani, na sake biya, laifina ne ba na kowa ba. Wannan maimaicin shi ya fi cina, ba ainihin kuɗin makarantar ba.

Yanzu bana karatun dare, barci ke sace ni. Awa biyu da sassafe kafin gida ya tashi, ranar hutu in ƙara uku. Saura kwas 11.